Ranar da Tela Ya Ɗaura Zane

Shekara talatin da biyu Tela yana zaune a gidansa na bayan gari, amma bai san inda ake ajiye dusa ba. Shi dai ya tafi shago da safe, ya dawo da yamma ya tarar da madara a kofi, ƙwai a kwando, an ba tumatir da kabeji ruwa. Duk aikin matarsa ne, wadda yara ke kira Inna har shi ma ya bi bakinsu.

Wata safiya Inna ta zame a bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya tsage. Likita ya ce sai ta yi sati uku a kwance. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta tare a asibiti wajen jinya, gida ya rage daga Tela sai kaji goma sha ɗaya, awaki huɗu, da wata saniya da Inna ke kira Gajera.

Kajin ba su ba shi wahala ba. Awakin sun cinye latas layi biyu kafin ya gane yadda ake ɗaure ƙyauren lambu. Gajera ce ta gagare shi. Maraƙinta ya mutu tun yana ƙarami, hannun Inna kaɗai ta sani. Ya zauna zai tatsa, ta yi fatali da bokitin, ta haɗa masa da ƙwauri. Ya lallashe ta, ya yi mata tsawa, ta riƙe nononta. Kafin kwana biyu hantsarta ta kumbura tam, tana ta kuka tana leƙen ƙofar kicin.

Da ya je dubiya ya yi niyyar ɓoyewa. Inna ta tambayi dabbobi, ya ce kowa lafiya lau. Ta dubi yadda yake ɗingishi.

"Ta harbe ka ko?"

Ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Ta yi dariya har ciwon ya motsa, sannan ta gaya masa akwai tsohon zanenta na tatsa a rataye bayan ƙofar kicin. Ya ɗaura shi, kada ya wanke, ya zo wa saniyar ta hagu, ya ɗumama hannunsa tukuna. Tela ya ce shi da furfurarsa ba zai ɗaura zanen mace ba. Auta ta juya baya tana danne dariya.

"To ka bar ta ta yi ciwo," in ji Inna. 

Washegari da sassafe ya ɗaura. Gajera ta shinshina zanen ta daɗe, ta sauke numfashi, ta tsaya cak. Madara ta soma zuba a bokiti. Ana haka maƙwabcinsu Mai Kaji ya leƙo ta kan shinge zai ari fartanya, ya hango zane daga baya, ya ɗauka Inna ce aka sallamo daga asibiti, ya hau yi mata barka. Tela ya waiwayo da gemunsa.

"Yi dariyarka a hankali, kada ka firgita min ita."

Mai Kaji ya toshe baki, ya tsallako ya riƙe mata wutsiya.

Tela na tatsa idonsa ya sauka a gefen zanen. Faci ne a kan faci, ɗinkin hannu, zaren ma kala uku. Matar tela guda, tana zama da allura ita kaɗai, ba ta taɓa cewa ya ɗora mata a keke ba, shi kuma bai taɓa lura ba. Ya jingina goshinsa a jikin saniyar, har Mai Kaji ya tambaye shi ko ƙafar ce. Ya ce ita ce.

Inna ta dawo da sanda, likita ya hana ta tsuguno. Tela ya bar wa abokin aikinsa shagon, ya ɗauko keken ɗinkinsa ya kafa a gindin gwaibar tsakar gida, masu ɗinki suka riƙa biyo shi can. Zuwa damina Gajera ta yarda da shi ba tare da zane ba. Kullum safiya Auta kan fito wa Inna da kujera bakin garke, ta zauna da sandarta a cinya tana kallon hannun Tela yana tatsa, tana cewa har yanzu yana barin rabin kofi a nonon baya.