Shaidar Mijinyawa

Mijinyawa dillalin gidaje ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, simsar kamar yadda ake ce musu a can. Bai taɓa yin ofis ba, bakinsa da ƙafarsa su ne jarinsa. Da manyan gonakin tarakta suka bunƙasa, kuɗin riɗi da dawa suka cika gari, 'yan kasuwa suka yi ta neman gidaje a tsohuwar unguwar Hausawa. Shi ya yi ta sayar musu. Maƙwabtansa kuwa suka kwashe, wasu Fau, wasu Mafaza, kowa ya tafi yana sa masa albarka.

Rana tsaka hukuma ta ce duk dillalin da ba shi da ruksa, wato lasisi, ya ajiye sana'ar. Sharuɗɗan ba su tayar masa da hankali ba, sai guda ɗaya: ya zo da mai gida a unguwarsu, wanda ya san shi tun asali, ya shaide shi.

Da farko dariya ya yi. Shi da ya san ƙofar kowa? Sai da ya fara bin ƙofofin jikinsa ya yi sanyi. Sababbin masu gidajen sun ba shi shayi, sun mutunta shi, amma ba wanda ya san ko sunan mahaifinsa. Da hannunsa ya sallami duk wanda zai ce ya san shi. Ranar ya ji kaɗaici irin wanda bai ji ba ko da matarsa ta rasu.

Saura mutum ɗaya, Hajja Ummusalama, ƙawar mahaifiyarsa. Ya daɗe yana kauce wa layinta, domin ɗanta Ɗahiru ya sha aiko masa daga Fau cewa a sayar da gidanta, ta koma wurinsa, shi kuwa yana jin nauyin yi mata maganar.

"Inna, wata alfarma na zo nema," in ji shi.

Ta saurare shi har ya gama, ta jawo mayafinta. "Halas, shi ke nan, mu tafi. Ni na yi wa mahaifiyarka wankan jegonka, in ban shaide ka ba wa zai yi?"

A ofis ta ba ma'aikacin labarin Mijinyawa tun daga yaye, fiye da abin da aka tambaye ta. Ta dangwala yatsa, aka buga hatimi. Mijinyawa ya fito yana jin kamar an mayar masa da dangi.

A ƙofar gidanta ta tsaya tana goge tawada a gefen zane.

"To ɗana, yanzu hukuma ta yarda da kai. Ɗahiru ya matsa, ni ma na gaji da zama ba mai sallama. Ka kawo mai saye, ba na so wani bare ya sayar mini da gida."

Ya buɗe baki zai roƙe ta kada ta tashi, sai ya tuna shi ma bai leƙo ta ba sai da bukata ta kawo shi.

"To, Inna," ya ce. "Ranar Asabar zan kawo shi."