Nauyin Yaya

Tun ranar da Yaya ya sayi tsohuwar motar nan, babu makanikin da ya taɓa ɗora mata sifana sai ƙanensa Auta. Mota ce irin ta da, mai ƙusumbi, injinta a baya. Ta girmi 'ya'yan gidan kaf, amma ka kuskura ka ce da ita akwala a gaban Yaya, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Bana dai bayanta ya zauna. Sandunan ƙarfen nan biyu na baya, masu murɗewa su ɗauki nauyin mota a madadin sifirin, sun gaji. Yaya yana kwance a asibiti ya aiko a canja su kafin a sallame shi. Auta ya ɗaga ta a jak, ya kwance tayoyi, ya zare tsofaffin da ƙyar da jiɓin goshi, ya shafa wa sababbin giris ya zura. Saura daidaita tsayi, kuma a nan gizo ke saƙa. Kowace sanda tana da haƙora a bakinta, ka gusa haƙori ɗaya mota ta tashi ko ta kwanta. Auta kuwa yana da ƙa'idarsa, ba ya awo sai mai mota na zaune a kujerarsa. Yaya mutum ne mai jiki, in ya shiga sai ɓangaren direba ya risina kamar mai gaida suruki, shi ya sa kullum ake ɗaga wannan gefen ya ɗan ɗara ɗayan. Shekara da shekaru haka suke yi suna tsiya.

"Yaya, ka rage loma, ko mu sa mata ƙarfen tirela."

"Rufe min baki, kai da iska ke ɗauka!"

Ranar da aka sallame shi ko gida bai yarda an kai shi ba, ya sa 'yarsa ta kawo shi gareji. Auta ya saba ganinsa cikin bargo a gadon asibiti, bai taɓa ganinsa a tsaye ba tun da ciwon ya kama shi. Da ya ga rigar Yaya tana reto a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa, sai ya tsaya yana kallonsa.

"Me kake kallo? Ɗauko abin awonka," in ji Yaya.

Suka tallafa masa ya zauna, ya riƙe sitiyari. Auta ya durƙusa a bayan mota, ya kafa tef ɗin awo daga ƙasa zuwa leɓen ƙarfen da ke saman taya. Wallahi motar ko gezau ba ta yi ba. Layin da tef ya nuna tana fanko, shi ya nuna da Yaya a ciki.

"Ta sauka?" Yaya ya tambaya ta taga.

Auta ya sake duba tef ɗin. Ya san ba motar ake tambaya ba. Sai ya ɗora gwiwar hannu a kan bambar bayan motar, ya danna a hankali har ta risina.

"Ta sauka mana! Ai kana nan da nauyinka, asibitin nan asarar magani suka yi."

'Yar ta juya baya tana kallon tarin tayoyi.

"Auta," in ji Yaya a hankali, "ɗauke hannunka. Ina ganinka a madubi."

Ya ɗauke. Motar ta koma sama abinta.

"Yaya, ai jiki zai dawo. Mu bar ta yadda muka saba, nan da..."

"Likita ya gaya min, ni ma na gaya wa kaina. Kada ka daidaita mota da mutumin da ba ya nan. Zo ka fito da ni."

Suka fito da shi, suka zaunar da shi a kan benci kusa da tayar baya. Ya miƙo hannu, Auta ya ba shi tef ɗin bai san dalili ba.

"Shiga ka zauna."

"Haba Yaya."

"Shiga, na ce. Ni ne babba har yanzu."

Auta ya shiga da tufafin aikinsa duk baƙin mai, abin da a da sai an yi yaƙi a kansa. Ya kama sitiyarin, har yanzu da ɗumin hannun ɗan'uwansa. Hawaye suka ƙwace masa, mutum da furfurarsa. Daga bayan motar ya ji ƙarar tef, Yaya yana ja.

"Zauna sosai mana," in ji Yaya. "Sau ɗaya zan iya auna maka."