Agogon Inna a Wurin Wankin Zinare

Hannatu ta daɗe da daina mamakin yayanta Makau. Mutum ne da in ka ajiye sabon takalmi a ƙofar ɗaki, kafin ka idar da salla ya zura ƙafa ya tafi kasuwa nuna wa jama'a. Amma ko ita ba ta zaci rashin kunyarsa zai kai ga agogon Inna ba.

Ƙaninsu Almustapha ne ya aiko da shi daga Abuja, irin agogon nan mai ƙirga bugun zuciya. Malama Catherine, ma'aikaciyar jinyar da ke duba Inna a Bagega, ita ta ɗaura mata. Ta ce a bar shi kwana bakwai a hannun tsohuwa, ranar Alhamis za ta duba abin da ya tara. In da sauƙi, an hutar da Inna hawa babur zuwa asibitin Anka a kan wannan muguwar hanya. Ta kuma ja kunne: ruwan alwala ba ya yi masa komai, amma ban da sabulu, ban da taɓo, ban da zafi. In ya ɓaci a ɗauraye shi da ruwa mai kyau, a goge da ƙyalle, a bar shi a inuwa.

Makau na tsaye yana sakace. Duk bayanin nan abu ɗaya ya shiga kunnensa, wai agogo ba ya jin ruwa.

Ranar Talata, Inna na gyangyaɗin bayan azahar, ya lallaɓa ya kwance shi, ya nufi wurin wankin zinare. Shi da ko kwano ɗaya bai taɓa wankewa ba, sai zaman surutu a gefen masu aiki! Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu har gwiwa cikin jan ruwan da aka kwaɓa da garin dutse, ya ciro, ya sake tsomawa, yana daddanna maɓalli a cikin ruwan don baƙin ma'aikata su ga ikon Allah.

Da la'asar Hannatu ta same shi tsugune a bayan gida. Ya ɗora agogon a kan shebur, ya kara bisa garwashi, yadda masu haƙa suke ƙone zaiba su fitar da zinare.

"Yaya, mi kaka yi haka?"

"Ke, raɓa ta tash shiga ciki, hidda ta nika yi. Zinariya ma da wuta aka gyaranta, bale ɗan agogo."

Ta fizge shebur ɗin. Igiyar ta narke gefe guda, fuskar ta yi baƙi ƙirin. Takaici ya hana ta ko zaginsa. Gardi mai gemu, mai 'ya'ya huɗu!

Ranar Alhamis Malama Catherine ta danna, ta jona a caji, ta girgiza. Shiru. Abin da ya tara na kwana biyar ya tafi. Ta kama hannun Inna ta ƙirga bugun da yatsa, ta ce ita kam ba za ta yi caca da ran tsohuwa ba, gobe sai Anka.

"Wa ya cire miki, Inna?" in ji Malama Catherine.

Inna ta sunkuyar da kai. "Ni nab ba shi aro, ɗiyata."

Wannan ƙaryar ta fi komai yi wa Hannatu ciwo.

Da safe ta sa Inna a tsakiya, tsakaninta da mai babur, ta rungume ta saboda ramuka. Suna wucewa ta gaban mai shayi sai ga Makau a kan benci, ya ɗaure mataccen agogon a hannunsa da robar taya. Ya ɗago hannun sama sosai, yadda kowa zai gani, ya ce Allah ya kiyaye hanya.