Ina Jin Ka

A cibiyar kula da masu shaye-shaye da masu lalurar ƙwaƙwalwa, babu ma'aikacin da ya kai Malam Inajinka daɗewa. Sunan ma aiki ne ya laƙaba masa. Idan mara lafiya ya zauna a gabansa, ko zagi yake yi, ko kuka, ko ƙarya yake shararawa, sai Malam ya ɗan karkata kai, ya haɗa yatsu a kan gwiwa, ya ce, "Ina jin ka." Ba ƙari, ba ragi. Da wannan 'yar magana ya sha kwance bakin mutanen da iyaye da 'yan sanda suka yi fama da su har suka gaji.

Duk wanda aka ɗauka aikin ba da shawara a gidan, ta hannunsa yake bi. Na baya-bayan nan shi ne Siriri, wani matashi mai dogon wuya da takalmi mai ƙara. Malam ne ya koya masa ajiye kujera a karkace, kada ta fuskanci mara lafiya kamar ta alƙali. Shi ya koya masa yin shiru har shirun ya ishi mutum ya fara magana.

Sai ga shi wata safiya an kawo Auta, ɗan Malam na cikinsa, namiji tilo bayan mata huɗu. Uwarsa ce ta tsinci kwalaben maganin tari da ƙwayoyi a cikin tsohuwar lasifikar ɗakinsa. Dokar gidan kuwa ita ce ma'aikaci ba ya duba mara lafiyar da yake jininsa ne, kuma babu wanda ya kai Malam kare wannan doka a lokacin da take kan 'ya'yan wasu. Likita, shugabar gidan, ta damƙa yaron a hannun Siriri.

Da farko Malam bai damu ba. Ai Siriri almajirinsa ne a aiki, duk abin da zai yi nasa ne. Yaron ya sha wuyar makonnin farko, amai da rawar jiki da rashin barci, har ya fara cin abinci.

Ƙofar ɗakin shawara tana da ɗan gilashi a tsakiya, saboda tsaro. Wata rana Malam yana wucewa ya leƙa, kamar yadda kowa yake leƙawa. Sai ya ga Auta yana dariya. Ba murmushi ba, dariya har da buga cinya. Yaron da a gida ba a samun komai daga bakinsa sai "to" da "lafiya lau". Ga Siriri ya karkata kai, ya haɗa yatsu a kan gwiwa. Malam bai ji abin da ya ce ba, amma ya karanta a leɓensa.

Daga ranar, hanyar banɗaki ta koma ta gaban wannan ƙofa, ko da yake akwai wani kusa da ofishinsa.

A ɗakin shan shayi ya ritsa Siriri.

"Yaya mutumin naka?"

"Da sauƙi, Malam. Yana ƙoƙari."

"Na ga kuna ta dariya. Wasan kwaikwayo kuka buɗe ne?"

"Wani lokaci da dariyar ake shiga, Malam. Kai ka ce."

"Me yake cewa?"

Siriri ya juya cokali a kofi. "Malam, abin da aka faɗa a ɗaki, a ɗaki yake zama. Ranar da na fara aiki ka sa na maimaita har sau uku."

"Kai, ni fa ubansa ne. Ni na yanka masa rago. Kai lokacin ko wando ba ka iya ɗaurawa ba."

Siriri ya ɗan karkata kai, ba da gangan ba, jiki ne ya saba. "Ina jin ka, Malam."

Malam ya ajiye shayinsa ko kurɓa bai yi ba, ya fita.

A gida ma bai tsira ba. Uwar Auta tana ninke kayan da za ta kai wa yaron, ta ce, "Ya ce in haɗo da farar rigarsa, wai Yayansa ya ce tana yi masa kyau."

"Wane yaya? Yayyensa duka mata ne."

"Siririn mana. Yaya yake ce masa."

"Yaya! Daga zuwa jiya? Ni na koya wa yaron nan yadda ake zama a kujera. Maganar da yake yaudarar ɗana da ita ma tawa ce, aro ya yi bai mayar ba."

Ta dube shi ta gefen ido. "Malam, shekara nawa muna tare, ko mai nama ban taɓa ganin ka harara a kaina ba. Ashe kana da kishi, ajiye shi ka yi."

"Ba kishi ba ne. Ƙa'idar aiki ce."

"To. Allah ya ba ƙa'ida haƙuri."

Washegari ya shiga ofishin Likita da bayani a tsare. Yaron ya shaƙu da mai ba shi shawara fiye da kima, in ji shi, kuma hakan yana da haɗari. A matsayinsa na uba yana so a mayar da shi wata cibiya da ke wajen gari.

Likita ta cire tabarau. "Malam, ka fi ni sanin abin da ke faruwa da wanda aka canja wa hannu a tsakiyar magani. Yawancinsu kwalba suke komawa. Yaron nan yanzu ya fara tsayawa da ƙafarsa."

"Na sani."

"Ikonka ne, ba zan hana ka ba. Amma gobe ranar ziyara ce. Ka cire katin aikin nan, ka shigo ta ƙofar baƙi, a caje ka kamar kowa, ka gaya masa da bakinka. In ka fito kana nan a kan bakanka, zan sa a kai shi."

Haka aka yi. Masu gadin da suka saba gaishe shi da rusunawa suka lalube masa aljihu suna sunkuyar da kai. Aka kai shi rumfar baƙi, inda iyaye ke zaune da ledoji. Kafin Auta ya iso, Malam ya riga ya karkata kujerarsa.

Yaron ya yi ƙiba kaɗan, idonsa ya washe. Suka gaisa. Kafin Malam ya buɗe baki, Auta ya ce, "Baba, akwai abin da nake so in gaya maka. Yaya ya ce nauyin ba zai sauka ba sai na faɗa wa mai shi."

Malam ya haɗiye "Yaya" ɗin da ƙyar.

"Ka tuna baƙar jakarka? Wadda kake zuwa makarantu da ita, kana nuna wa ɗalibai ƙwayoyi kana cewa ga abin da ke kashe matasa?"

"Na tuna."

"Daga cikinta na fara. Kana ajiye ta a saman kabad. Nakan ɗebi kaɗan, in cike gurbin da maganin ciwon kai. Shekara biyu kana yawo kana tsorata yara da maganin ciwon kai."

Saura kaɗan Malam ya fashe da faɗa. Amma shekarun aiki suka riga shi. Kansa ya karkata, yatsunsa suka haɗu.

"Ina jin ka."

Auta ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Kada ka ce mini haka!"

"Ai Siriri yana ce maka, kana dariya."

"Shi aikinsa ne! Shi ba ubana ba ne! Na faɗi jarrabawa, ina jin ka. Na fasa gilashin motarka, ina jin ka. Na kwana a waje, Mama tana kuka, kai ina jin ka. Abokaina ubansu ya zage su, ya bi su da takalmi, ni ina jin kishinsu. Ni tun ina yaro mara lafiya ne a gidanmu, fayil kawai ba ka buɗe mini ba!"

Malam ya dubi yatsunsa da ke haɗe, ya raba su. Ya miƙe.

"Jakata?" Muryar da ta fito, shi kansa bai san yana da ita ba. "Jakata, don ƙaniyarka? Ina tsaye gaban shugabannin makarantu, ina ɗaga maganin ciwon kai ina cewa wannan guba ce? Ɗan banza marar kunya! Ka san daren da uwarka ta yi tana wanke amanka? Ka san sau nawa na zauna a mota ina kuka a bakin ƙofar nan kafin in shigo in ce wa mutane ina kwana? Da ka mutu fa? Da ka mutu, wa zan ce wa ina jin ka?"

Masu gadi biyu suka taho da gudu, suka ga mai ihun, suka tsaya suna kallon juna. Wata tsohuwa da ta zo duba jikanta ta ce, "Ƙara masa, bawan Allah, nawa ma yana ji."

Auta yana tsaye, hawaye na zuba, bakinsa kuma yana rawa kamar zai yi dariya. "Baba, ashe ka iya zagi."

"Zauna, kafin in nuna maka abin da na iya!"

Ya ɗaga kujerar ya zauna. Malam ma ya zauna, ya jawo tasa ta fuskanci yaron sosai, gwiwa da gwiwa. Suka daɗe a haka. Malam yana faɗa, yaron yana cewa "to, Baba", amma ba irin "to" ɗin gida ba.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, Auta ya share fuska ya ce, "Bari in je in gaya wa Yaya."

Malam ya bi bayansa da harara.

A baranda Likita ta tare shi. "Har ofishina na ji ka. A kira mota?"

"A bar shi inda yake."

"A hannun Siriri?"

"Na ce a bar shi. Sai na faɗi sunan?"

Ya karɓi katinsa ya rataya. Hanyar ofishinsa ba ta bi ta ɗakin shawara, amma ta nan ya bi. Ta gilashi ya hango Auta a tsaye, ya turo ciki gaba, yana kaɗa yatsa a iska yana kumbura kumatu. Siriri kuwa ya manta da karkata kai, ya kife a kan gwiwa yana dariya.

Abin ya sake sukar Malam a wuri ɗaya, don har yanzu ba shi ne a cikin ɗakin ba. Amma ya ƙara matsawa kusa da gilashin.

"Ba haka na yi da hannu ba," ya ce a hankali. "Ɗan banza."