Isra'ilawan Dinatu

Shagon dukanci na marigayi Abarshi yana wani lungu a Sabon Gari, kuma tun da tsohon ya rasu 'yarsa Dinatu ke riƙe da shi. Hannu kam tana da shi, ciniki ne ya yi ƙaura. Yayanta Gregory, wanda takardun shagon ke hannunsa, ya faɗa mata ba kwana-kwana: in Ista ta zo bai ga motsi ba, zai ba mai sayar da tayoyi haya.

"Tayoyi, Yaya? A inda Baba ya shekara talatin yana yankan fata?"

"Taya ba ta kwantai," in ji shi.

Dinatu kuwa irin matan nan ce da in ka ce ba za su iya ba, to ka gama ɗaure musu ɗamara. Shekarar 2008 ce, kowa na maganar intanet. Sai ta nufi Samaru wajen Okechukwu, mai kafen intanet kusa da jami'a, wanda ya daɗe yana kai ɗinkin takalma wurin babanta. Ya buɗe mata shafi, ya zuba hotunan tumtum da jakunkuna masu zane da tuntaye. Can ƙarshe, don cike gurbi kawai, aka sa wata jakar rataya mara ado da ta haɗa da ragowar fata. Farashi duk a dala aka rubuta, tun da kowa ya ce intanet kasuwar Turawa ce. Okechukwu ya liƙa adireshin shafin a jikin kowace kwamfuta a kafensa, ya kuma nuna mata wurin da ake ganin masu leƙa shafin: mutum nawa, wace rana, daga wace ƙasa, wane hoto suka buɗe.

Kowace Laraba sai ta hau bas, ta sayi rabin awa, ta kwafe lambobin a littafinta. Abin da ya kusa sa ta rawa shi ne layin ƙasa. Isra'ila, Isra'ila, Isra'ila, kusan duka. Kafin Lahadi duk matan zumuntar coci sun ji cewa a Ƙasa Mai Tsarki ake kallon kayan Dinatu.

"To, Isra'ilawan naki sun sayi ko da maɗaurin makulli?" Gregory ya tambaya.

Ba su saya ba. Wata uku, ko kira ɗaya babu.

Saura mako uku Ista, kuma fatun akuya goma sha biyu suka rage mata, jajaye masu kyau. Ta shimfiɗa su za ta yanka tumtum na alfarma, ko baƙin nata za su motsa. Wuƙar na hannunta, amma hankalinta na kan littafin nan. Ta ajiye wuƙa ta sake buɗe shi.

Ranar Asabar ce aka fi cika shafin. Ita da ta shekara goma tana koyarwa a makarantar Lahadi, ai ta san Asabar ce ranar hutun ibadar mutanen Isra'ila, ba ranar leƙa kasuwa ba. Safiyar Lahadi kuma shiru kake ji, sai bayan an tashi sujada lambobin ke farfaɗowa. Ga wasu kwana uku a watan jiya da ba ko mutum ɗaya. Ta ƙirga da yatsa, sai ta tuna: makon ne ta je ta tarar da kafen a rufe, janareta ya lalace.

Ba ta jira Laraba ba.

"Oga Okechukwu, don Allah faɗa mini, yaya aka yi janaretanka ya kashe wuta a Isra'ila?"

Ya duba littafin, ya sosa ƙeya. "Kai, Madam, ki yi haƙuri, na manta ne. Farantin intanet ɗin nan na kan rufi ta Isra'ila yake bi. Duk wanda ya zauna a nan, sai na'ura ta ɗauka daga Isra'ila yake."

Dinatu ta juya ta kalli ɗakin. Ɗalibai ne jere, wasu biyu a kujera ɗaya, littattafai a ledoji a gefen ƙafafunsu. Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya, har ta ji kamar ta yaga littafin. Amma ba ta tashi ba.

"Nuna mini hoton da suka fi buɗewa."

Jakar nan ce mara ado. Ta ninka tumtum sau bakwai, Dinatu kuwa ba ta taɓa kula ba, idonta na can Urushalima.

A take ta sa ya goge dala ya sa naira, ya rubuta cewa mai jakar za ta kasance a ƙofar kafen ran Asabar ta jajibirin Ista. Ta koma Sabon Gari ta yanka fatun duka, ba ta bar ko ɗaya don ja da baya ba. Jaka tara suka fito.

Ran Asabar Gregory ya kawo ta a mashin, ya zauna gefe, wai don ya taya ta mayar da kaya gida. Har sha biyu ba wanda ya taya, sai dai a kalla a wuce. Shi kuwa sai duban agogo yake yi.

Can wata ɗaliba ta fito daga kafen, ta yi turus.

"Anti, ke ce mai jakar nan ta intanet? Sunana Adunni. Tun kafin Kirsimeti nake kallonta." Ta shafa ɗinkin. "Da na ga dala, na ɗauka daga ƙasar waje ake kawo ta."

"Ni ma na ɗauka a ƙasar waje kike, ƙanwata," in ji Dinatu.

Adunni ta rataya tata, ta leƙa ciki ta kira ƙawayenta. Kafin la'asar babu sauran jaka, wasu shida kuma sun bar sunayensu da lambar waya.

Gregory ya naɗe buhun da ba kome a ciki, ya ɗaure a bayan mashin. Bai kalle ta ba da ya yi magana.

"Ina ne Baba ke sayen fatar nan? Litinin in kai ki."