Rawanin da Ya Faɗo daga Taga

Kwana uku Badsha, sarkinmu, bai leƙo ta tagar safe ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Mu kuwa a Agra akwai dubban mutane da ba sa karya kumallo sai sun ga fuskarsa a tagar nan mai kallon kogin Jamna. Gari ya ɗauki raɗe-raɗin ya mutu.

Hatimin mulki yana hannun yayarsa, Dilafroz Begum. Waziri Nusrat Beg ya aiko mata cewa in rana ta huɗu ta fito babu Badsha, zai naɗa ɗan sarkin, ya karɓi hatimin, ita kuma a raka ta Makka ta huta. Wanda aka yi wa irin wannan rakiya ba ya dawowa.

Sai ta sa aka kira tsoho Pir Bakhsh, mai kiwon tattabarun fada, wanda ke rantsuwa tsuntsayensa suna mafarki. Shi da Badsha kamar an tsaga kara.

Ta ce, "Baba, tsayuwa kawai za ka yi a taga a matsayin Badsha. Ban da magana, ban da motsi."

"Ranki ya daɗe, in atishawa ta zo fa?"

"Haɗiye ta! Shekara ashirin ina riƙe da daular nan ta bayan labule, yau ga ni ina lallashin mai warin kashin tsuntsu."

Rana na fitowa aka ɗora masa rawanin sarauta, aka tura shi taga. Aka buga tambura, sanƙira ya kwarara kirarin Badsha. To, shekara sittin tsohon nan in ya ji kirarin duƙawa yake yi, ya taɓa ƙasa da hannu ya kai goshi. Sai ya duƙa. Rawani ya suɓuce, ya yi ta juyi a iska kamar shirwa, ya faɗi gaban Waziri da ke tsaye a ƙasa, bakin kogi.

"Kai, Allah wadaran naka ya lalace!" in ji Begum. "Wa kake gaisarwa? Kai ne shi!"

Waziri ya ɗaga rawanin yana dariya. "Begum Sahiba, a fara ɗaure kaya?"

Ta ture tsohon, ta ja lulluɓi, ta fito tagar da mace ba ta taɓa tsayawa ba, ta ɗaga hatimin sama.

"Ƙanena na da rai, yana shan kunu. Ga hatiminsa, ga ni. Ku je ku ci abinci!"

Mutane kwana uku da yunwa. Suka duƙa gaba ɗaya, suka watse neman gurasa. Aka bar Waziri shi kaɗai a bakin kogi, rungume da rawani.