Katifar Baba Gyangyaɗi

"Katifar nan ba inda za ta!" in ji Tela, ya baje hannuwa a ƙofar ɗakinsa kamar mai tare akuya. "Ke kika kawo min ita da hannunki, yau kuma ki ce a fitar?"

"Baba, aro zan yi, ba ƙwace ba," in ji Auta. "Ka koma kan tsohuwar na ɗan lokaci."

"Tsohuwar da wayoyinta ke soka min haƙarƙari?"

Ni ina kan kujerata a falo, sai na rage muryar rediyo na gyara zama. Tela ɗana ne, Auta jikata, kuma na san abin da shi bai sani ba.

Auta tana aiki a shagon buga takardu, amma ranta yana kan wani shafi da ta buɗe a intanet, inda mutane ke tura hotuna suna rubuta shaƙiyanci a ƙasa. Ba su da yawa, amma kowa bakinsa ya fi reza. Ashe hotuna ma haya suke biya duk wata, a wani ɗaki da ba wanda ya taɓa ganin ƙofarsa. Da hayar ta fi ƙarfinta ta roƙi 'yan shafin su taimaka, sai suka cika mata wuri da hotunan aljihu a zazzage. Mai kirkin cikinsu ya turo fatan alheri. Ta buga riguna da sunan shafin don ta sayar. Har yau da su muke goge tebur.

Tsohuwar katifar Tela ce ta cece ta. Ba ta barinsa ya runtsa, don haka da rana sai ya ɓingire a kan keken ɗinki, baki buɗe, igiyar awo a wuya. Rannan Auta ta ɗauke shi hoto ta saka. Wayyo, zo ku ga murna! Suka raɗa masa suna Baba Gyangyaɗi. Wani ya ɗora shi a kujerar matuƙin jirgi, wani ya tsayar da shi a raga yana tsaron gida. Sai ga wani mai sayar da katifa ya ce shi zai riƙa biyan hayar, in dai za a liƙa tallarsa a ƙarƙashin kowane sabon hoton Baba. Shafi ya farfaɗo.

Don jin daɗin ciniki, mai katifar ya aiko da kyautar katifa sabuwa dal. Ita kuwa Auta, sarauniyar wayo, ta karɓa da hannu biyu ta shimfiɗa wa ubanta. Tun daga ranar Tela ke barci kamar jariri, ya tashi garau, ya wuni yana taka keke ido tar. Ta yi ta leƙen shagonsa na ɗinki da waya a hannu, ko hamma bai yi mata ba. Mai katifa ya ce shi fa ba sabon hoto, ba haya. Wata kuma ya zo ƙarshe.

"Inna, don Allah ki tambaye ta dalili," in ji Tela.

"Ni ina ruwana?" na ce. "Na dai ji ana cewa kwana biyu ka daina fitowa a waya, masoyanka suna cigiya."

Auta ta watso min harara. "Kaka!"

"Waɗanne masoya?" Ya miƙa mata hannu. "Kawo wayar."

Ya sa tabarau ya yi ta jan hotuna da yatsa. 

"Shi ya sa," in ji shi a hankali. "Shi ya sa mai aski ke ce min a tashi lafiya da rana tsaka." Ya ƙara ja. "Wa ya sa min hular matuƙi?"

"Ta yi maka kyau," na ce.

"Baba, ba zagi ba ne, son ka suke yi," in ji Auta. "Akwai wadda ta ce tana kwance a asibiti, hotonka ne kaɗai ke sa ta dariya. In aka rufe shafin, kowa ya watse. To, riƙe katifar. Ka ɗan kwantar da kai a kan keke kawai, ka buɗe baki, in ɗauka."

"In buɗe baki! Ni da na rene ki da gumina, ashe yanzu da miyauna kike renon ƙatti!"

Ya faɗa ɗaki, muka ji ana ja, ana nishi.

"Na san halinku," ya ce daga ciki. "Ina fita za ku musanya min. Shago zan tafi da abata, a gabana za ta wuni!"

Sai ga shi da katifa a ka. Ita kuwa mai laushi ce, ta lanƙwaso gaba da baya ta rufe shi ruf, ba abin da ake gani sai ƙafafu biyu da silifas, takalmi ɗaya ma na Auta ne. Ya doshi ƙofar fita, ya maƙale a tsakani yana mutsu-mutsu.

Na zunguri Auta da sandata. "Ke, wayar taki ta mutu ne?"

Ƙyas! Ta ɗauke shi hoto.

"Na ji wannan ƙarar!" in ji katifa.

Ya fizge da ƙarfi ya fice, ya sa diddige ya bugo ƙofar, garam, har agogon bango ya karkace.